Rufin makarantarmu ya yaye: ta ina iyaye da tsofaffin ɗalibai za su fara tara kuɗi?

Tambaya daga wani bawan Allah a Gombe: "Assalamu alaikum, Malam. Mun gama sakandaren gwamnati sama da shekara 20 da suka wuce. Kwanan baya na raka ɗan yayana makarantar, na tarar iska ta yaye rufin azuzuwa uku, yara suna zaune a kan bulo. Na tura wa 'yan ajinmu hotunan, kowa ya ce a yi wani abu. Wasu sun ce a ƙaddamar da gidauniya, wasu sun ce a yanka wa iyaye kuɗi ta hannun PTA, ƙungiyar iyaye da malamai, wasu kuma sun ce aikin gwamnati ne, ba ruwanmu. Ka daɗe a harkar nan. Ta ina za mu fara?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, Malam, da abin da ka gani ya hana ka sukuni. Na fara koyarwa tun Gombe tana cikin jihar Bauchi, kafin a ba ta jiharta a 1996. Na yi shugabancin makaranta, bayan na ajiye aiki kuma aka ɗora mini riƙon ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar da na yi. Na ga tara kuɗin da ya mayar da kango makaranta, na kuma ga wanda ya raba aminan shekara da shekaru har ba sa ga-maciji. Abin da ya bambanta su ba yawan masu kuɗin da ke ciki ba ne, yadda aka riƙe amana ne tun daga nairar farko.

Bari in fara da masu cewa aikin gwamnati ne, don suna da gaskiya, kada ku yi musu kallon marowata. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimi kyauta na shekara 9, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Hukumar UBEC mai kula da ilimin bai-ɗaya tana samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don wannan aiki, sai dai jiha ba ta taɓa kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. Babbar sakandare kuwa tana wuyan ma'aikatar ilimi ta jiha. To amma yaron da ya shiga aji ɗaya na babbar sakandare bana, shekara uku kacal gare shi. In aka ce sai an sa rufin nan a kasafin kuɗi, an amince, an saki kuɗin, an ba da kwangila, yana iya gama makarantar bai taɓa zama a ƙarƙashin inuwa ba. Saboda haka ku yi biyun a tare: ku gyara abin da ƙarfinku ya kai, ku kuma riƙa ƙwanƙwasa ƙofar hukuma a kan sauran. Ƙungiyar da ta zo da hoton azuzuwa ukun da ta rufe da kuɗinta, in ta ce a turo malamin lissafi, ana sauraronta fiye da wadda ta zo da ƙorafi zalla. Waɗancan abokan naka masu cewa aikin gwamnati ne, su za ku ba wannan ɓangaren, su riƙa rubuta takarda suna bin sawunta.

Kafin a karɓi ko sisi daga hannun kowa, mutum huɗu ko biyar su tashi su je makarantar a ranar karatu, ba ranar Asabar ba. Zuwa da kai ya fi aike. Ku fara da ofishin shugaban makaranta, ku gaishe shi, ku faɗa masa ko ku su wane ne, don ba a shiga gidan mutum ta bayan katanga. Daga nan ku zauna da malamai ba ya wurin, ku zauna da shugabannin ɗalibai ba malami a wurin. In makarantar tana da 'yan mata, ku tafi da mace a cikinku ta keɓe da su. Abin da za su gaya mata ba za su taɓa gaya muku ba. Sau da yawa abin da ke sa yarinya ta riƙa fashin kwana huɗu ko biyar kowane wata, rashin makewayi mai ƙofa ne da rashin ruwa, ba lalaci ba. Mu tsofaffin ɗalibai muna da wata ɗabi'a: zuciyarmu tana karkata ga abin da ido ke gani daga titi, ƙatuwar ƙofar shiga da fenti da ɗakin taro mai ɗauke da sunan ajinmu. Ni a wurina rufi ne farko, sai ruwa, sai makewayi, sai abin zama, sai ɗakin gwaje-gwaje. Yaron da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO a fannin kimiyya, akwai ɓangaren jarrabawar da da hannunsa zai auna sinadari ya ɗiga shi har launi ya canza. Na sha ganin yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da suka taɓa riƙe kwalbar awon.

A wannan zuwan ku tambayi abubuwa biyu. Na ɗaya, ko makarantar tana da kwamitin SBMC mai aiki, wato kwamitin da ya haɗa shugaban makaranta da wakilan iyaye da mata da ɗalibai da masu unguwa da malaman addini. Na biyu, ko tana cikin jerin makarantun da wani shiri zai gyara. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka kafa don karatun 'yan mata a sakandare, ya fara da jihohi bakwai a 2020, aka faɗaɗa shi a 2023 ya haɗa da Gombe da Bauchi, kuma yana ba makarantu tallafin gyara ta hannun irin wannan kwamiti. In azuzuwan nan uku suna cikin lissafinsu, sai ku juya kuɗinku wani wajen.

Sannan ku rubuta wa ma'aikatar ilimi takarda ta hannun shugaban makaranta, ku faɗi ainihin ginin da za ku taɓa da aikin da za ku yi, ku karɓi amsa a rubuce. Ginin na gwamnati ne, ba a taɓa shi da ka. Akwai kuma wani dalili. A wata makaranta da na yi aiki, iyaye suka yi karo-karo suka rufe wani dogon gini. Bayan 'yan watanni sai ga wani ɗan kwangila ya zo da mai hoto, ya shafa fenti a bangon, ya tafi neman a biya shi kuɗin rufi. Abin da ya tona masa asiri kwafin takardarmu ce mai hatimi da kwanan wata, da rasit ɗin kwano da muka adana a cikin fayil.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a tambayarka, wato yanka wa iyaye kuɗi. Ina roƙonku da girman Allah kada ku bi ta nan. Dubi waɗanda 'ya'yansu ke makarantar gwamnati a yau. A zamanin da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano suke koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi, makarantar hukuma ita ce makaranta. A zamaninmu ma ɗan babban sakatare da ɗan mai faskare benci ɗaya suke zama. Yau mai hali ya kwashe nasa ya kai makarantar kuɗi, an bar ɗan manomi da ɗan mai tura baro da marayan da uwarsa ke sayar da ƙosai. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci sun ninka a kan waɗannan mutane. Naira dubu biyun da kai za ka tura ba ka ji a jikinka ba, a wani gidan cefanen yini ne.

Ina mataimakin shugaban makaranta aka taɓa sa kuɗin PTA don gyaran famfo, aka ce wanda bai biya ba a mayar da shi gida. Ni na tsaya a bakin ƙofa da takardar sunaye. Bayan kwana uku wata dattijuwa ta zo ofishina da hantsi, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta kwance bakin zanenta ta zube kuɗi a kan tebur, duk ƙananan takardu da suka sha hannu. Ba su kai rabi ba. Ta ajiye wata 'yar ƙullin wake a gefe ta ce, "Malam, ga wannan a cika, jikata ce, uban ya rasu." Na ce, "Iya, ɗauki kayanki, gobe ta dawo aji." Na duba takardar nan daga baya na ga akwai yara shida da ba wanda ya zo ya roƙa musu, kuma biyu daga ciki ba su ƙara dawowa ba. Har yau abin yana ci mini rai. Famfon ya gyaru, amma da me aka biya?

Don haka ku rubuta shi a cikin ƙa'idojinku tun ranar farko: ba za a kori yaro, ko a hana shi jarrabawa, ko a kira sunansa a taron safe saboda gudunmawa ba. Nauyin kuɗi ya hau kan tsofaffin ɗalibai masu albashi da masu kasuwanci. Ba wai a ware iyaye ba ne, a'a, suna da abin bayarwa mai yawa in an tambaye su ta hanyar da ta dace. A cikinsu akwai kafinta da birkila da mai walda da direban tifa. Akwai wanda zai kawo yashi, akwai matan da za su dafa wa ma'aikata abinci ranar gayya. In kuka kira taron iyaye da kaka, bayan an shigar da masara da wake da riɗi gida, manomin da ba shi da tsabar kuɗi a watan Yuli zai auno muku kwano biyu ko uku da daɗin rai. A tara a buhu, a kai kasuwa, a rubuta. Mutumin da ya ɗora bulo da hannunsa a makaranta ba ya barin a sace tagarta.

Sai maganar inda kuɗin zai zauna. Kada a tara a asusun mutum ɗaya, ko da limamin unguwarku ne. Ba zargi ba ne. Mutum yana rashin lafiya, yana mutuwa, magada su ce kuɗin ubansu ne. Wani kuma matsuwa ce za ta sa ya ce bari ya ranta zuwa ƙarshen wata. Ku yi wa ƙungiyar rajista da hukumar CAC, mai rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin ƙungiya mai amintattu, kamar yadda dokar kamfanoni ta 2020 ta tanada. Za a buƙaci tsarin mulkin ƙungiya da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jaridu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Banki kuma yakan nemi takardar SCUML, sashen gwamnati mai yaƙi da halatta kuɗin haram, kafin ya buɗe wa ƙungiya asusu. In makarantarku tana da uwar ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai rajista, ku shiga ƙarƙashinta ku huta, kada kowane aji ya kafa tasa masarautar. In kuwa aikin na gaggawa ne ba zai jira rajista ba, a buɗe asusun haɗin gwiwa da sunan mutum uku, da sharaɗin ba a fitar da kuɗi sai biyu sun sa hannu, kuma ukun nan kada su zama 'yan gida ɗaya ko abokan kasuwanci.

Mai sayo kaya daban, mai biya daban, mai ƙirgawa in an sauke daban. Kafin a sayi kwano ko katako a ji farashi a shago uku. Kowane ƙarshen wata ma'aji ya fitar da takardar banki kamar yadda take, ba wadda ya buga da hannunsa ba, kowa ya ga abin da ya shigo da abin da ya fita, a liƙa kwafi a allon sanarwar makaranta don iyayen da ba su da babbar waya. Lokacin da nake ma'aji, wata guda kawai na yi jinkirin fitar da lissafi saboda tafiya, wata mai zuwa abin da ya shigo ya ragu sosai. Ba wanda ya ce mini uffan, hannu kawai aka janye. Kuma kada ku ba shugaban makaranta tsabar kuɗi ya yi aiki. Kariya ce gare shi: ma'aikacin gwamnati ne, ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe, kuma in aka rasa naira ɗari sunansa ne zai ɓaci. Ya zauna a kwamiti, ya nuna inda ke ciwo, ya sa hannu cewa an yi aiki. Ban da kuɗin zama, ban da kuɗin man mota ga 'yan kwamiti, ban da kamasho. In ɗan ƙungiya ne zai sayar muku da kaya, ya faɗa a fili, ya fita daga zaman da za a yanke shawara.

Taron ƙaddamar da gidauniya kuwa, ba na hana ku, amma kada ku fara da shi. Na halarci irinsa ba adadi. A kama zaure, a yi anko, a gayyato babban baƙo da babban mai ƙaddamarwa, a yi ta shelar miliyoyi ana tafi. Kashegari ma'aji ya buɗe jaka ya ga yawanci alƙawari ne, kuɗin zaure da abinci kuma an riga an kashe. Mafi muni, jama'a sun ji an ambaci miliyan kaza a lasifika, in ba su ga aikin miliyan kaza ba sai su ce an cinye. In za ku yi, a faɗi abin da ya shiga hannu daban, alƙawari daban, kuma a yi taron a harabar makarantar, a ƙarƙashin rufin da ya yaye. Abin da na fi yarda da shi shi ne ɗan kaɗan mai ɗorewa. Yi lissafi da kanka: mutum 300, kowa naira 2,000 a wata, naira 600,000 ke nan duk wata, naira miliyan 7 da dubu 200 a shekara, ba tare da an kama zaure ba. Da yayyafi kogi kan cika. Kowane aji ya naɗa mutum ɗaya mai bin 'yan ajinsu, don ɗan ajinku ne kaɗai zai kira ka da sunan tsokanar da ake kiranka a ɗakin kwana ya ce ina kuɗinmu, ka yi dariya ka tura. Taron shekara kuma a sa shi lokacin da mutanen Abuja da Legas da Kano suke dawowa gida, kashegarin Sallah ko lokacin Kirsimeti. Jiharmu ta haɗa Musulmi da Kirista, ajinku ma na tabbata haka yake, da 'yan Billiri da Kaltungo da 'yan Dukku da Nafada. A buɗe taro da addu'ar ɓangare ɗaya a rufe da ta ɗayan, shugabanci ma a raba haka.

Za a samu mai cewa zai ba da zakkarsa. Ku tura shi ya tambayi malaminsa, domin zakka tana da mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata, kuma mafi yawan malamai ba su sa gini a ciki ba. Abin da ya dace da ita shi ne ɗalibi matalauci, a ba shi ko waliyyinsa don kuɗin jarrabawa ko kayan makaranta. Gini da rijiya ƙofarsu sadaka mai gudana ce da waƙafi. Ɗan siyasa kuma in tsohon ɗalibi ne, a karɓi gudunmawarsa kamar ta kowa, a ba shi rasit, a gode masa. Amma ban da liƙa hotonsa a bangon aji, ban da mayar da taronku dandalin kamfe, don ranar da aka yi haka 'yan ɗaya jam'iyyar sun tafi ke nan.

Abu ɗaya da zan ja kunnenku a kai shi ne ɗaukar malamai da kuɗin ƙungiya. Buƙatar gaskiya ce, musamman a lissafi da Turanci da kimiyya. Amma rufi sau ɗaya ake biyansa, albashi kuwa duk wata ne, kuma ranar da kuka gaza, kun bar mai iyali da bashi, kun bar aji a tsakiyar zango. In za ku yi, sai kuɗin shekara guda cur yana ajiye a asusu. Kafin nan, a cikinku akwai injiniyoyi da likitoci da malaman jami'a da za su iya ba 'yan ajin ƙarshe Asabar biyu a wata. Tun 2015 jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, kuma akwai yaran da ba su taɓa ɗora yatsa a kan madannai ba. Tsofaffin kwamfutoci goma da ɗan faifan sola za su yi musu amfanin da fenti ba zai yi ba.

In kun zo kan ruwa, kada ku yi gaggawa. Ƙasar Akko da Kwami da Dukku, da wajen Alƙaleri da Darazo a Bauchi, ruwanta yana da zurfi ƙwarai, farashin da aka haƙa burtsatse a wani gari ba shi ne naku ba. A kawo masana su auna ƙasa tukuna, a rubuta a yarjejeniya abin da zai faru in an haƙa ba a samu ruwa ba. Kuma a kowane aiki ku ware kashi ɗaya cikin goma na gyara, don famfon da ya tsaya saboda ƙaramin ƙarfe yana iya shekara a tsaye in ba a san wanda zai saya ba.

Rufin nan naku shi ne aikin farko, kuma ya dace da farawa, don yana da iyaka, ana gama shi cikin 'yan makonni, kowa kuma zai gani da idonsa. Ku sami kafinta mai tsoron Allah da injiniya ɗaya daga cikinku su hau su duba. Galibi ba kwanon ne matsalar ba. Ko dai gara ta cinye katakon, ko kuma tun farko an aza shi a kan bango ba a ɗaure shi da ƙarfe a jikin ginin ba, shi ya sa iskar farkon damina ke ɗaga shi gaba ɗaya kamar faifai. In kuka buga sabon kwano a kan tsohon katako, baɗi war haka za ku sake tara kuɗi. A sauke katakon da ya ruɓe, a shafa wa sabon maganin gara, a ɗaure kowane ɗaya da ƙarfen ɗauri, a sayi kwano mai kauri ko da zai sa ku rufe aji biyu bana ku bar ɗaya zuwa baɗi. Tsohon kwanon da aka sauke a ƙirga shi a gaban shugaban makaranta a rubuta, kayan gwamnati ne, kuma yana isa a yi wa makewayi rufi da shi. Ku yi ƙoƙari a buga ƙusar ƙarshe kafin watan Afrilu ya fita, tun hadari bai fara haɗuwa a gabas ba.